Yadda Ake Auna Dalma a Jinin Yara a Amurka

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Ina so in sanar da ku yadda ake auna ƙarafa a jikin ɗan Adam a nan Amurka, masu amfani irin su ayon da zinki, da masu guba irin su dalma da zaiba, domin bambancin da ke tsakanin nan da gida ya tsaya mini a rai.

A nan ba a jira sai yaro ya kwanta ciwo. Duk yaron da ke ƙarƙashin Medicaid, inshorar lafiyar masu ƙaramin ƙarfi, wajibi ne a gwada jininsa don neman dalma idan ya cika wata 12, a sake idan ya cika wata 24. Na ga yadda ma'aikaciyar jinya ke fara wanke hannun yaro da sabulu sosai, saboda ƙurar dalma da ke kan fata tana ɓata sakamako, sannan ta soki yatsa ta ɗebi ɗigon jini. Idan adadin ya kai maikirogiram 3.5 a kowace desilita ta jini, wato mizanin da CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta tsayar a 2021, sai a sake ɗiba daga jijiya don tabbatarwa, a kuma bi sawun inda gubar ta fito, musamman fentin gidajen da aka gina kafin 1978.

A gida kuwa, sai da yara suka yi ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara a 2010 kafin aka gano cewa dalmar da ke cikin duwatsun zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje ce sanadi. Yara aƙalla 400 suka rasu. Ƙaramar na'urar da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka yi aiki da ita wajen auna jinin ba ta iya karanta abin da ya haura maikirogiram 65, kuma jinin yara da yawa ya wuce haka. A ganina, wannan na'ura ta hannu ya kamata a ce akwai ta a kowane asibitin da ke kusa da wurin haƙar ma'adinai.

Sai dai ba duk abin da ake sayarwa a nan ba ne abin koyi. Akwai kamfanonin da ke tallar gwajin gashi a intanet, su ce za su faɗa wa mutum ƙarfen da ya yi masa yawa ko ƙaranci, daga nan su tallata masa magani. Shamfu da rini kaɗai suna iya sauya sakamakon, shi ya sa likitoci suka fi dogaro da jini da fitsari. Don Allah idan an kawo muku irin wannan talla, ku fara tuntuɓar likita.