Sashen dabbobi na Muzen Yamai: abin gani da abin gyara

Gidan tarihin Boubou Hama, wanda mutanen Yamai ke ce wa Muze kawai, an buɗe shi ne a 1959. Dabbobin suna fili ɗaya da ƙasusuwan dinoso, manyan dabbobin zamanin da da suka ƙare, da icen Tenere, wanda ya tsaya shi kaɗai a hamada har mota ta kayar da shi a 1973. Mai son ganin dabba a tsaye ya zo kafin ƙarfe goma na safe. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, zakuna da kuraye duk su lafe a inuwa, sai dai ka hango wutsiya.

Wajen dorina yara suka fi cunkushewa, kuma nan ake gane ko ana kula da gida. Dorina na son ruwan da zai rufe bayanta yini guda, in ba haka ba rana ta tsattsaga mata fata. Babba na cin ciyawa wajen kilo 40 a dare ɗaya, kuma cikin ruwan take kashi. In ba a yawan canja shi ba, sai ya yi kore ya ɗau wari. Ka dubi ruwan kafin ka dubi dabbar.

Kejunan masu cin nama kuwa na tsohon yayi ne, siminti da ƙarafa. Zakin da ke kai da komo kan layi ɗaya ƙuncin wuri ne ya dame shi. Gyaran bai da tsada: ƙasa a madadin siminti, kututture, maɓoya, a riƙa sauya lokacin ba da nama. Mu masu ziyara ma da namu laifin, don biskit ɗin da ake jefa wa birai da ledarsa yana toshe musu hanji.

Ceton namun daji na gaske a waje ake yinsa. Raƙuman dawan Kure, kusa da Yamai, saura 49 suka rage a 1996, yau sun haura 600 ba tare da keji ba, har aka kai takwas gandun dajin Gadabeji a 2018. A Kelle, cikin jihar Damagaram, ana kiwon jimina don mayarwa daji. Muze na iya shiga wannan layi ta ƙaton kunkurun Sahel, mai sauƙin kiwo: busasshiyar ciyawa da ƙasar da zai haƙa rami sun ishe shi. In aka riƙa ciyar da shi da ragowar shinkafa ne ƙoƙon bayansa ke lalacewa.