Aikin furostet ɗin Baba ya yi kyau, amma gwajin PSA ya hana mu barci

Shekarar Baba 68, kuma ya kai shekara biyu yana fama da fitsari: tashi sau biyar ko shida cikin dare, ɗigo-ɗigo, har ranar da ya ƙi fita sam aka saka masa roba. A wani asibitin kuɗi nan Kano aka yi masa aikin da ake shiga ta hanyar fitsari a karkare tsokar furostet (wani ƙullutu da ke ƙarƙashin mafitsarar maza) da ta toshe hanyar, ba a yanka ciki ba. Likitan ya iya aikinsa, Allah ya saka masa da alheri. Kwana uku aka cire robar, Baba ya fito daga banɗaki yana ta hamdala.

Takardar sallama ce ta ja mana. An rubuta a sake gwajin PSA, wato gwajin jinin da in ya hau ake zargin matsala a furostet, har da ciwon daji, ba a ce yaushe ba. Kafin aiki 6.8 ne. Ni kuma da zumuɗi, kwana takwas da aikin na kai shi aka ɗebi jini, sai ga 21. Wanda ya miƙo min takardar cewa ya yi, "Ai wannan sai addu'a." Hajiya ta kwana tana kuka, kowa a gida ya ɗauka kansa ce, wato ciwon daji. Baba ya daina cin abinci, ya fara lissafa mana bashin da ake binsa.

Sati guda muna cikin wannan hali kafin mu samu ganin likita. Yana duba takardar ya ce, "Malam, wa ya ce ku yi yanzu?" Ya ce karkarar da robar kansu suna sa PSA ya zuba cikin jini, don haka sai an jira aƙalla sati shida, shi ya fi son wata uku. Kuma tunda ba duka furostet ɗin aka cire ba, ba zai koma sifili ba, gwargwadon abin da aka karkare zai sauka. Bayanin minti biyu, amma ba wanda ya yi mana shi ranar sallama.

Bayan wata uku ya fito 1.9. Likita ya ce da wannan za a riƙa kwatanta na gaba, in ya fara hawa mu dawo. Har na huce, sai na tuna sakamakon tsokar da suka tura a duba. Sati biyar, na je sau uku, kullum "ka dawo jibi". Ba kansa a ciki, alhamdulillahi, amma ashe takardar ta kwana goma a aljihun teburinsu ba wanda ya kira mu.