Abin da na gani wurin mai gyaran kilarinet a Faransa

'Yan uwa masu busa da ke gida, ina gaisuwa. Akwai abin da na gani a nan da ya hana ni sakat sai na ba ku labari.

Kilarinet ɗina, wannan abin busa na Turawa mai ramuka da madannai, ya daɗe yana wahalar da ni. Sautin ƙasa ba ya fita sai na matse madannai da ƙarfi, ƙaramin yatsana na dama kuwa kullum cikin tsami. Na nemi mai gyara don ya sake mini matosan ramukan gaba ɗaya. Tun kafin in gan shi raina ya ɓaci, domin a nan ba a faɗo wa mutum haka kawai, sai an yanka maka rana ka yi ta jira. A gida da ka yi sallama za a ba ka wurin zama, ana aiki ana hira. Wannan sanyin hulɗa har yau ban saba da shi ba.

Da ranar ta zo, sai ya ce in busa, ya zuba wa yatsuna ido. Daga nan ya yanko siririyar takardar naɗa sigari, yana sa ta ƙarƙashin kowane matoshi, ya rufe, ya ja a hankali ta kowane gefe. Inda ta zare ba ta kama ba, nan iska ke zurara. Waɗanda suka karkace ya ɗumama bayansu da 'yar wuta har danƙon da ke riƙe da su ya yi laushi, ya daidaita zamansu. Sauran ya ce lafiyarsu ƙalau, ba zai cire ba, alhali shi ne zai ci ribar cirewar.

Wurin sifirin ya fi daɗewa, waɗannan 'yan ƙarafa masu kama da allura. Da ƙugiya yake zare kowanne, ya lanƙwasa shi kaɗan, ya mayar, ya miƙo mini in taɓa. Ya ce madannin da ke zaune a rufe yana son sifirin mai ƙarfi, kada iska ta ture shi. Wanda ke zaune a buɗe kuwa abin da zai ɗaga shi kawai yake buƙata, ƙari a kan haka azabtar da yatsa ne. Wallahi da na sake busawa, taɓawa kawai nake yi sauti na fita.

Mu fa? Sifirin ya mutu, a ɗaure da roba. Matoshi ya faɗo, a liƙe da sufa gulu, wanda ba ya laushi da wuta balle a gyara zaman. A gama busa a cusa cikin akwati da danshinsa. Hannu da basira ba mu rasa su ba, haƙuri ne ya yi mana ƙaranci, sai "a lallaɓa" ta zama sana'a. Abin da ya fi ci mini rai, baƙin itacen da kamfanin Buffet Crampon, wanda ke aiki tun 1825, yake sassaƙa kilarinet da shi daga Tanzaniya da Mozambik ake sarowa. Itacen na nahiyarmu ne, amma sai mun ƙetare teku kafin mu ga mai kula da shi yadda ya kamata.