Gargaɗi ga masu taɓa mota a Jidda: mai sufacaja ya cinye min riyal 9,500

Assalamu alaikum 'yan'uwa na Jidda da Makka da kewaye. Akwai wani macuci da ke tallan kayan ƙara wa mota ƙarfi a wayoyinku, yana cewa a Dammam yake zaune, yana jin Hausa kamar jakin Kano. Ya karɓe min riyal 9,500 a kan cinikin sufacaja. Riyal dubu tara da ɗari biyar, ina rubutawa hannuna yana rawa. Hotunan hirarmu da rasidin banki duk suna nan, zan ɗora su da zarar na rufe lambar asusuna da ta iƙamata (katin izinin zama) da ke jiki.

Tun yanzu kada wani ya zo min da "ai da ka yi bincike". Na yi. Motata Toyota FJ Cruiser ce ta 2008, injin 1GR-FE mai lita 4, silinda shida. Ni nake canja mata baƙin mai da filogi da bel a ƙarƙashin gidanmu, makanike bai cika ganinta ba. Na san sufacaja ba tarbo ba ce: tarbo hayaƙin salansa ke juya ta, ita kuwa sufacaja bel ne ke janta daga injin, ta danna iska da ƙarfi cikin silinda. Na san TRD, sashen Toyota mai kayan ƙara ƙarfi, sun yi wa wannan injin tasu, mai samfurin M90 na kamfanin Eaton a ciki, wadda ke ɗaga shi daga doki 239 zuwa sama da 300, kuma sun daina fitar da ita tun 2015, shi ya sa sai ta hannu ake samu. Har na san ba ta hawa FJ ta 2010 zuwa sama saboda an canja injin. Da wannan na gwada macucin. Na ce masa motata ta 2011 ce, don in ji abin da zai ce. Ya ce, "A'a Alhaji, wallahi ba za ta hau ba, kada in ci kuɗinka haram." Ku ji fa. Kada in ci kuɗinka haram! Wane ne zai ji wannan bai sake jiki ba?

Sannan bidiyon da ya turo min. Na ce ya rubuta sunana a takarda ya ajiye kusa da kayan, ya yi. Ya sa hannu ya juya fulen da bel ke ja, rotocin da ke danna iska a ciki suna juyawa sumul, ba kaɗawa, ba ƙara. Ya nuna min manifol ɗin da ke kai iska cikin silinda, da ƙaramin lagireton sanyaya iska, da famfon ruwansa, da nozul shida masu fesa mai, da bel, duk a shimfiɗe a kan kwali. Har yanzu ina komawa ina kallon bidiyon nan, ina neman inda ƙaryar take, ban gani ba. Kayan na gaske ne. Ko na wane ne, ko a shagon wa ya tsaya ya ɗauka, Allah masani. Abin da ya iso hannuna dai daban ne.

Kafin nan ma, na manta, akwai maganar asusu. Da zan tura kafin alƙalami, riyal 3,000, sai na ga sunan da ya fito ba nasa ba ne. Na tambaya, ya ce na kafilinsa ne, wato wanda ya tsaya masa a ƙasar, iƙamarsa ta ƙare an rufe nasa. Duk wanda ke zaune a ƙasar nan ya san haka na faruwa, mutum nawa muka sani a cikin wannan hali? Na tura. Bayan bidiyon, ko kafinsa ne, a'a bayansa, na ƙara 4,500. Sai 1,200 kuɗin aikowa wai kayan na da nauyi. Sai 800 na ƙarshe wai na fayil ɗin da za a ɗora wa kwamfutar motar, kuma wannan ma magana ce mai kan gado, don in ka ƙara iska ba ka gyara lissafin mai da wuta ba, a zafin Jidda injin zai yi ta ƙwanƙwasa har fistin ya narke ko da fetur mai lamba 95 kake sha. Ku haɗa: 3,000 da 4,500 da 1,200 da 800. Riyal 9,500.

Me ya sa ban je Dammam ba? Sama da kilomita 1,200 ne, ina aiki, ba ni da hutu. Shi da kansa ya ce in zo in sha shayi in ɗauka da hannuna, har ya ce akwai ɗakin baƙi. Ɓarawo ne yake gayyatarka gida?

Kwalin da ya zo ɗaya ne, ƙarami. Ina buɗewa warin tsohon man sufacaja ya buge ni, masu sani sun san warin nan. M90 ce kam, amma irin wadda ake cirowa daga injin 3800 na tsofaffin motocin Amurka, su Buick da Pontiac. Ramukan notinta ba su da alaƙa da Toyota ko kaɗan. Fulen ba ya motsi, na sa sifana ma ya ƙi. Na leƙa ciki, fentin rotocin ya ɓare, jikin duk ƙarzuwa, har da yashi. Ba manifol, ba lagireto, ba famfo, ba nozul ko ɗaya. Ya cusa tsofaffin jaridu da guntun bel da ya tsage. Na kai wa wani dattijo da muke mutunci a sana'iyya, unguwar makanikai, ya juya ta ya ce, "Ɗana, wannan a tashlih (inda ake farfasa matattun motoci) ma da kilo ake sayar da ita." A gaban yaransa ya faɗa. Na riga na kwance saman injina tun daren da aka ce kaya sun taso, na sayi gaskit da filogi sababbi, na faɗa wa abokai su zo ranar Juma'a bayan masallaci mu ɗaura. Suka zo kuwa.

Da na kira shi, da farko ya ce kuskuren masu aikowa ne, an musanya kwali, in ba shi lokaci. Daga baya ya ce mahaifiyarsa ba lafiya. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne saƙon muryarsa na ƙarshe, yana dariya: wai in je in kai ƙara, in gaya wa murur, 'yan sandan hanya, da bakina cewa zan canja injin mota ba izini, mu ga wa za a fara kamawa. Wato da wannan yake rufe bakin mutane. To ni ban ɗaura komai ba, sayen ƙarfe kuma ba laifi ba ne, damfara ce laifi. Na shigar da ƙara ta manhajar 'yan sanda ta Kulluna Amn, na sanar da bankina, na ba su sunan da ke kan asusun. Ya toshe ni ko'ina, ya canja hoto da suna, amma an ce min tallan nan yana nan yana yawo, da hoton kayan nan dai a kan kwalin nan dai, yanzu wai a Riyad yake.

"Kada in ci kuɗinka haram." Allah ya isa tsakanina da kai, ban yafe ko halala (kwabon riyal) ɗaya ba daga cikin 9,500 ɗin nan.

Ku dai kada ku tura kuɗi asusun da ba sunan mai kaya, kuma kada ku biya sai kayan na gabanku ko gaban wani naku. Duk wanda aka taɓa turo wa bidiyon hannu yana juya fule da sunansa a takarda, ya yi min magana ta akwatin sirri, ina son haɗa rasidinmu wuri ɗaya in ƙara a kan ƙarar. Saƙon muryar ma zan saka tare da hotunan yau da dare in sha Allahu.