Sharhi: Injin matsa haɗin gida da gyaran da aka yi masa a Agege

Sana'ata matse robobin ruwa da gwangwanayen lemo a Agege, in ɗaure su dila-dila in kai wa masu sake sarrafawa. Injin matsa na waje ya fi ƙarfin aljihuna, shi ya sa na ba wani mai walda aikin haɗa min na gida: tanki, famfon haidirolik, injin lantarki, bawul mai hannu da silinda, galibi tsofaffin kaya daga kasuwannin Owode Onirin da Ladipo.

In don walda ce, ba ni da ƙorafi. Ƙarfen ya tsayu, har yau ko tsagewa bai yi ba. Amma iya walda daban, sanin yadda mai ke tafiya cikin tiyo daban. Tun ranar farko famfon ke ƙara kamar an zuba masa tsakuwa, man ya yi ta kumfa, kafin azahar tankin ba ya taɓuwa don zafi. Da an matsa dila sosai sai injin lantarkin ya yi gurnani ya tsinke wuta. Duk wanda ya leƙo sai ya ce famfo ne ya mutu, a sayo wani.

Wani abokin sana'a ne ya haɗa ni da wani dattijo Bazazzagi da ya daɗe yana gyaran tifofi da katafila a nan Legas. Abin da ya fara burge ni, bai kwance komai ba sai da ya ɗaura geji, wato agogon auna matsi, a bakin famfon. Hannun bawul na tsakiya, ba a matsa komai, amma allura na tsaye a kan ba 200 (ba, wato "bar", shi ne ma'aunin matsi). Ya ce, "Alhaji, famfonka lafiyarsa lau, wahalar da shi ake yi." Ashe bawul ɗin irin mai toshe hanya ne idan hannu na tsakiya, famfon kuwa mai giya ne, muddin yana juyawa sai ya tura mai. Man bai da mafita sai ta bawul ɗin rage matsi, ƙarfin lantarkin da nake biya gaba ɗaya yana komawa zafi. Ya sauya shi da mai buɗaɗɗiyar tsakiya, wanda ke barin mai ya koma tanki salin-alin.

Ƙarar kuma daga tiyon zuƙa take. Ya zauna a kan benci ya yi min lissafi a bayan kwalin siga. Famfon na tura cc 16 a kowane juyi (cc dubu ne lita ɗaya), injin lantarkin na juyi kusan 1450 a minti, wato lita 23 ke nan a minti. Mai walda ya sa tiyo mai rabin inci, man na gudun kusan mita 3 a daƙiƙa, alhali ɓangaren zuƙa ba a son ya wuce mita 1 da ɗan wani abu. Famfon na jan abin da ba ya isowa. Ga shi baƙin man mota aka ɗura, mai kauri. Aka sa tiyo mai inci 1, gajere, aka ɗaga tanki sama da famfo, aka zuba man haidirolik lamba 68, wanda ya ce ya fi dacewa da zafin Legas da tsohon famfo irin nawa. Ƙarar ta ɗauke nan take.

Tankin kansa lita 30 ne kacal. Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce ya ɗauki kamar ninki uku na abin da famfo ke turawa a minti, don mai ya samu sararin hucewa, iska ta fita. Da muka buɗe shi, ga ɓurɓushin walda da gutsattsarin farin tef ɗin famfo kwance a ƙasa, bututun dawowa kuma na zubo mai daga sama, dab da bakin zuƙa. To ina kumfa za ta ƙare? Sabon da aka yi lita 70 ne, da farantin ƙarfe a tsakiya ya raba mai dawowa da mai fita, bututun dawowa ya nutse cikin mai, aka ƙara filta a kansa.

Inda muka ɗan ja da shi batun ƙarfi ne. Lita 23 a kan ba 180, idan ka ninka ka raba da 600, kusan kilowat 7 ne, injin lantarkina kuwa kilowat 5.5 ne. Ko dai a rage matsi dila ta fito sako-sako, ko a sa ƙaramin famfo aiki ya rage sauri. Ni na so a bar famfon a ƙara matsi kawai, ya ce, "Alhaji, sai dai in kana da kuɗin naɗin koyil kowane wata." Muka koma famfo mai cc 10. Da silinda mai faɗin milimita 100, ba 180 na ba da kusan tan 14, ya ishi roba da gwangwani. Gaskiya saurin ya ragu, yarana na ƙorafi, amma wuta ba ta ƙara tsinkewa ba.

Abu biyu ya ja wa yaran kunne a kai. Idan aka koma janareta a duba ta wane ɓangare injin lantarkin ke juyawa, domin wayoyi biyu cikin ukun da ke kai masa wuta in suka sauya wuri famfo baya zai juya, ya fasa sil, wato robar da ke hana mai yoyo. Ya zana kibiya da fenti a jikin murfin. Sannan kada kowa ya laluba yoyon tiyo da hannu, a kara kwali, don man da ke tsartuwa da irin wannan matsi na iya huda fata, kuma maganar asibiti ce ta gaggawa.

Aibinsa? Alkawari. In ya ce goma na safe, ka sa ran la'asar, kullum cunkoson hanya ne uzuri. Kuɗin aikinsa ma ba na wasa ba ne, kuma ba ya son ciniki. Duk da haka na ba shi huɗu cikin biyar. Injin yadda aka kawo min shi biyu ne cikin biyar, don darajar waldar. Wanda zai ba da irin wannan aiki ya sa a yi masa lissafin famfo da inji da tanki a takarda kafin a yanka ƙarfe, kuma ya ce lallai sai da geji. Ni yanzu famfo mai hawa biyu nake tara wa kuɗi, wanda ke gudu in babu nauyi ya koma ƙarfi in dila ta taurara.