Hoton Bayan Ido a Shagon Tabarau: Wasiƙa Zuwa Jos

Yaya, bayan gaisuwa da fatan Mama da mutanen Anguwar Rogo suna lafiya, ga amsar tambayarka kan hoton idon da aka ce maka ana gano ciwon ƙaninmu, wato sikizofireniya (wani nau'in taɓin hankali), da shi.

A nan Ingila, inda nake aikin jinya a sashen masu taɓin hankali, na'urar ɗaukar hoton bayan ido ba a asibiti kaɗai take ba. Shagunan tabarau na bakin titi ma suna da ita, kuma a lokacin gwajin ido za a iya nuna maka ƙananan jijiyoyin jinin idonka a allo cikin 'yan mintuna. A gida kuwa sai an nemi babban asibiti irin Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.

Maganar tana da tushe, domin tantanin bayan ido daga ƙwaƙwalwa yake tsirowa tun jariri yana ciki, jijiyoyinsa kuma dangin nata ne, ga shi ana ganinsu ba tare da tiyata ba. A garin Dunidin na ƙasar Niyu Zilan an bibiyi mutum 1,037 da aka haifa a 1972 da 1973, aka ɗauki hoton idonsu suna da shekara 38, sakamakon da ya fito a 2013 ya nuna cewa ƙananan jijiyoyin da ke mayar da jini sun fi faɗi a idon masu sikizofireniya. A 2023 masu bincike na asibitin ido na Moorfields da ke Landan sun ga tantanin ya fi sirantaka a wurinsu, amma bambancin da suka gani a jijiyoyin jinin idon sun danganta kaso mai yawa nasa da ciwon suga da hawan jini.

Sai dai wannan bambanci a taron jama'a yake fitowa, ba a idon mutum guda ba. Har yanzu da hira da lura likitocin nan suke gano ciwon, kuma ganin ƙwararre kan ɗauki watanni, abin da ba a cika faɗa muku ba. Don Allah kada ka sayar da komai saboda hoton nan.

Abin da ya fi burge ni shi ne awon jiki kyauta da ake yi wa irin waɗannan marasa lafiya a nan duk shekara, saboda magungunan ciwon irin olanzapine suna sa ƙiba da hawan suga, su kuma suke lalata jijiyoyin ido. Wannan awon ana yinsa a Jos ba tsada. Idan ka kai ƙaninmu asibiti ranar karɓar magani, ka roƙi a auna nauyinsa da jininsa da sugansa, ka turo mini sakamakon ta WhatsApp.