Albam ɗin ya faranta min rai, amma shafi na 14 ya tsaya min a wuya

Rabona da in riƙe hoto a hannu ya kai shekara bakwai. Duk suna cikin waya, sun fi dubu tara, kuma ba na buɗe su sai wuri ya cika. Tun da Google Photos ya daina ba da ma'ajiya kyauta marar iyaka a watan Yunin 2021, ya rage gigabait 15 ɗin nan, aikina da hotuna ya koma gogewa kawai. Kyamarata kuwa tana kwance a durowa har batirinta ya mutu ban sani ba.

Shi ya sa na yi odar albam a wajen wani kamfanin wanke hoto ta intanet. Shafi 40, bango mai kauri, takarda marar sheƙi don kada yatsu su bar shaida. Kwana tara ya iso.

Ranar da na kai wa Umma ba zan manta ba. Ita dama ba ta shiri da kallon hoto a waya, da ta kai yatsa sai hoton ya gudu, ta miƙo min ta ce ta haƙura. Wannan kuwa ta ɗora shi a cinya, ta sa tabarau, ta fi awa guda ba ta ɗago ba. Akwai wani tsohon hoto baƙi da fari da na ɗauka da waya na saka a shafin farko, mutum shida a tsaye, biyu kawai na sani. Ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. "Kai, wannan ai ƙanwar kakarka ce, ita ta yi goyona." Na tashi na nemo biro, tana faɗa ina rubuta sunayen a ƙasan hoton. 'Yata mai shekara biyar ta matso ta jingina da ita tana tambayar wane ne wannan, wace ce waccan. A lokacin da an ce in ba kamfanin taurari, biyar zan bayar ban yi tunani ba.

Sai muka zo shafi na 14.

Hoton Baba ne, Allah ya ji ƙansa, na ƙarshe da na ɗauke shi, yana zaune yana dariya da jikarsa a gefe. Sun datse shi daga tsakiyar goshi. Umma ba ta ce uffan ba, ta dai daɗe tana shafa gefen takardar, kuma shirun nan ya fi min ciwo a kan faɗa.

Daga baya na gane abin da ya faru. Yawancin wayoyi suna ɗaukar hoto a ma'aunin 4:3, wato faɗi huɗu tsayi uku, gurbin da ke shafin kuwa 3:2 ne, irin na hoton nan mai sentimita 10 da 15. In aka ce hoton kwance ya cika gurbin, dole a yanke kusan kashi ɗaya cikin tara na tsayinsa, sama da ƙasa. Na'urarsu ta yanke abinta ba ta tambayi kowa ba. Abin da ya fi ba ni haushi, sun iya gargaɗi in sun so. Hotunan da aka turo min ta WhatsApp, waɗanda aka matse, sun sa musu alamar rawaya cewa ba za su fito tas ba, tunda hoto mai wannan girma yana son fiksel, wato ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto, wajen 1200 da 1800. Na ga alamar, na yarda, biyu sun fito dishi-dishi, ban ga laifin kowa ba. To me ya hana su yi haka a kan yanke kan mutum?

Na rubuta musu. Bayan kwana uku aka aiko min da amsar da ko karanta saƙona ba a yi ba, wai a riƙa duba samfuri kafin a biya, ga kuma rangwame a oda ta gaba. Na duba samfurin mana, a fuskar waya, inda kowane hoto bai fi girman farce ba. Shafi ɗaya na roƙa a sake min.

Hotunan cikin ɗaki ma sun fi duhu a kan yadda na san su. Wannan na yi musu uzuri, waya haske take fitarwa, takarda kuwa sai wanda ta samu. Wanda zai yi oda ya ɗan ƙara musu haske tukuna, ya kuma buɗe samfurin a kwamfuta ya bi shafi-shafi.

Taurari uku na ba su, kuma da ƙyar na kai hannu kan na ukun. Ɗinkin albam ɗin dai yana da ƙarfi, yara sun ja shi sun buɗe shi iya son ransu, ko shafi ɗaya bai saki ba. Na sayo wa kyamarar sabon batiri, yanzu duk ƙarshen mako ina ɗaukar yara da Umma, ina barin fili a saman kan kowa. Hoton Baba na kai wani wuri daban an wanko min shi cikakke, na soke shi a shafi na 14 a kan wancan, kuma nan Umma take fara buɗewa duk ranar da ta ɗauko albam ɗin.